Lesin ɗin Turanci na dare da na shiga saboda kalma ɗaya, ga abin da na gani a wata uku

Tunda mutane sun dame ni da tambaya a bakin tebur wai ya lesin ɗin nan yake, da gaske ana koyon wani abu ko kuwa kuɗi kawai ake karɓa, bari in faɗa sau ɗaya in huta. Ni dai mahauci ne, gado na yi, babana da kakana duk da wuƙa suka ci abinci. Boko kuma a aji uku na ƙaramar sakandare na ajiye ta, Turancina na kasuwa ne, na iya how much na iya last price, in an yi min dogon zance sai in ce ok ok in bi da murmushi.

Abin da ya kai ni ajin nan abin kunya ne amma yanzu dariya yake ba ni. Kafin babbar sallah na ce bari in yi fileks in rataya a saman tebur saboda ƴan Sabon Gari da ma'aikatan asibiti da suke tsayawa siyan nama in sun taso aiki. Na ɗauko waya na rubuta nama a wata manhajar fassara, ta jero min kalmomi biyu, meat da flesh, ni kuma da iyayi na ga meat ai kowa ya san ta, kowane mai tsire ita yake rubutawa, bari in ɗau wadda ta fi kama da ta ƴan boko. Haka na kai wa mai bugawa, shi ma Allah ya shirye shi bai ce min komai ba, ya karɓi dubu bakwai ya buga min FRESH FLESH FOR SALE da jan fenti ɓaro-ɓaro har da hoton wuƙa a gefe. Kwana biyu yana rataye. Rana ta uku wata nas da take siyan hanta a wurina duk Juma'a ta zo ta ɗaga kai ta karanta, wallahi matar nan sai da ta dafa tebur don dariya, tace Malam mutane ka koma yankawa? Ta ce in sauke shi tun kafin wani ya ɗauka ya sa a Facebook. A daren na naɗe shi, yanzu haka shi ake shimfiɗa wa yara in za su ci tuwo.

Wani tela maƙocina ne ya ce min akwai malamin da yake koyar da manya Turanci da daddare a wata firamare nan bayan layinmu. Litinin, Laraba da Alhamis, bayan isha'i, daga takwas da kwata zuwa goma saura kwata. Fom dubu ɗaya, kuɗin wata dubu shida, in ka biya na wata uku a haɗe ya rage maka dubu biyu. Mu ashirin da ɗan wani abu ne, akwai ƴan kasuwar Kwari, akwai direban adaidaita, akwai mata guda biyar suna zama ta gefen taga, akwai wani dattijo da muke kira Baba Alhaji wanda ƴaƴansa suke Ingila yake so ya riƙa jin abin da jikokinsa suke faɗa a waya.

Tsarin malamin ba irin na makaranta ba ne da za a ce buɗe shafi kaza. Kowane mako sai ya ce wani ya kawo kalmar da ta taɓa ba shi kunya, a kanta za a zauna. Sati na biyu na daure na ba da labarin fileks ɗina, aji ya kwashe da dariya har Baba Alhaji yana share hawaye da bakin rawani, tun daga ranar malam ya sa min Sarkin Fawa. To kalmar nan tawa dare uku muka yi a kanta, kuma da ita zan auna muku ajin gaba ɗaya, don duk kirkinsa da duk aibinsa sun fito a wannan satin.

Farko ya tambaye ni, Sarkin Fawa, saniya tana tsaye a kara tana tuƙa, abin da ke jikinta tsakanin fata da ƙashi me sunansa? Nace nama. Yace in ka yanka ka feɗe ka rataya fa? Nace nama. In an zuba a miya? Nama dai. Yace to kun gani, mu kalma ɗaya ta ɗauke mana duka, har dabbar dawa ma namun daji muke cewa tun tana gudu da ƙafarta, shi kuwa Bature ya raba gida biyu, wanda ke jikin mai rai, mutum ko dabba, shi ne flesh, wanda aka tanada don ci shi ne meat. Shi ya sa in ka ce kana sayar da flesh kunnen mai jin Turanci ba tukunya yake tunawa ba, jikin mutum yake tunawa. Ni kuma sai na ce ashe kenan Malam wuƙata ce iyakar da ke tsakaninsu, kafin in sa ta flesh ne, bayan na gama meat ne. Ya tsaya ya kalle ni yace wannan ya fi bayanin da ya shirya, ya rubuta a allo. Ba zan ɓoye ba kaina ya kumbura ranar, kuma wannan na cikin abin da na yaba masa, ba ya jin nauyin ɗaukar magana daga bakin ɗalibi.

Sai ya ce amma kar in ji haushin kaina da yawa, da a ce shekara ɗari shida baya na buga fileks ɗin da babu mai dariya. A tsohon Turanci flesh ita ce kalmar naman ci, meat kuwa a lokacin abinci take nufi kowane iri, daga baya ne ta matse ta koma nama kaɗai. Har yau Jamusawa Fleisch suke ce wa nama, na ci da na jiki duka, kamar mu, mahauci kuma Fleischer. A Sikotilan ma tsohon sunan mahauci flesher ne, yace a birnin Edinbara akwai wani lungu da har yanzu ake kira Fleshmarket Close saboda kasuwar nama da ta taɓa ci a wurin. Sannan yace in gode wa Allah ba a Suwidin na rataya allon ba, don a yarensu ƴar'uwar wannan kalmar naman alade take nufi. A'uzubillahi, aji ya sake rushewa.

A nan ya kawo zancen 1066, shekarar da Normawa suka tsallako daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, sarauta da fada suka koma yaren Faransanci na tsawon lokaci. Yace shi ya sa dabba tana da suna ɗaya a garke wani a faranti, cow a garke beef a faranti, sheep da mutton, calf da veal, sunan mai rai na Turancin talaka ne mai kiwo, sunan na faranti daga Faransanci ya shigo. Wannan ya amfane ni kai tsaye don abin da ya kamata in rubuta kenan tun farko, beef. Naman akuya kuma babu wani iyayi, goat meat ne kawai.

Inda na ƙara ganin girmansa dare na biyu ne. Na je gida abin yana min yawo a kai, sai na tuna ƙanina yana da Alƙur'ani mai fassarar Turanci, na sa shi ya duba min ayar da ta haramta mushe da jini da naman alade a Baƙara, sai ga flesh of swine ƙiri-ƙiri. To wannan ai zancen ci ake yi, ina dokar malam ta tafi? Na zo aji da ƙarfina na ce Malam jiya ka ce kaza ga kuma kaza. Wani malamin da sai ya basar ko ya ce kai ka cika surutu. Shi kuwa cewa ya yi madalla, ka kama ni, dokar da na ba ku ta Turancin yau da gobe ce, ta kasuwa da kicin, amma littattafan addini da tsofaffin rubuce-rubuce sun riƙe tsohuwar ma'anar, masu fassara suna son kalma mai nauyi. Ya ce mu duba Hujurati inda aka kamanta gulma da cin naman ɗan'uwa matacce, can ma flesh za ka gani, kuma a can ta zauna daidai ta kowace fuska tunda naman mutum ne. Sai wata Hajiya daga gefen taga ta ce to hadisin nan na Arba'una fa, wanda aka ce a cikin jiki akwai wata tsoka in ta gyaru duk jiki ya gyaru? Yace piece of flesh ake fassara ta, kuma kun ga mu ma da Hausa ba mu ce nama a wurin ba, tsoka muka ce. Yace sau da yawa in ka rasa yadda za ka juya flesh, gwada tsoka kafin ka gwada nama, in tsoka ta ƙi ka gwada jiki. Wannan ƴar dabarar ita kaɗai ta biya min kuɗin watan.

Kayan marmari ma haka, abin da kake ci a mangwaro tsakanin ɓawo da ƙwallo flesh ne, jan cikin kankana flesh ne, farin kwakwa, har kifi in ana bayanin girki za a ce a dafa har flesh ɗin ya yi fari. Wannan bai ba mu wuya ba, minti biyar aka wuce.

Dare na uku na karin magana ne kuma nan ne na fi jin daɗi. Ya fara da pound of flesh. Yace daga wani wasan kwaikwayo na Shakespeare ta fito, The Merchant of Venice, wanda aka rubuta wajen ƙarshen shekarun 1590. Wani mai ba da bashi Shylock ya ba da bashin dukat 3,000, kuɗin zinariya na lokacin, na wata uku, wani ɗan kasuwa Antonio ya tsaya a kan in ba a biya ba a yanki laba ɗaya ta tsokar jikinsa. Jiragen kayan Antonio ba su dawo a kan lokaci ba, wa'adi ya cika, mai bashi ya zo kotu da wuƙa da sikeli, aka ba shi ninkin kuɗinsa ya ce shi tsokarsa yake so. Sai wata mata Portia da ta yi shigar lauya ta ce bismillah yanka, amma takarda tsoka ta ce ba ta ce jini ba, in ɗigo ɗaya ya zuba ka shiga uku, kuma laba ɗaya cif, kar ta ɗara kar ta gaza. Malam ya juyo yace Sarkin Fawa a matsayinka na gwani, zai yiwu? Nace Malam laba nawa ce a kilo? Yace giram 454, ba ta kai rabin kilo ba. Nace shekarata goma sha takwas ina yanka, wallahi har yau in mutum ya ce rabin kilo sai na yanka na ɗora na ƙara ƴar tsoka ko na rage, wanda zai sara sau ɗaya ya dace cif sai dai sa'a, balle a jikin mai rai yana motsi, jini kuwa ko rago da ya kwana a rataye in ka yanka sai ya yi nasa-nasa. Matar nan ta san aikinmu. To yanzu in Bature ya ce wane yana neman pound of flesh ɗinsa, yana nufin mutumin da haƙƙinsa ne eh, amma ya ƙi sassauci, sai ya karɓa ko da zai kai ka ƙasa. Direban adaidaitan nan ya ce ai mai mashin ɗinsa kenan ranar balans.

Sauran ya bi su da ɗan sauri. My own flesh and blood shi ne ɗanka ko ɗan'uwanka na jini, mu jinina kawai muke cewa mu bar tsokar. In the flesh shi ne ka ga mutum ido da ido, ba a waya ko talabijin ba, Baba Alhaji ya sa aka maimaita masa ita sau uku yana rubutawa da ajami wai zai faɗa wa jikarsa yana so ya gan ta haka. It made my flesh crawl daidai take da tsigar jikina ta tashi, amma ta ƙyama ko tsoro, ba ta jin daɗin karatun Alƙur'ani ba, yace mu kiyaye wannan. Flesh wound raunin da ya tsaya a tsoka bai taɓa ƙashi ko kayan ciki ba, na ɗaga hannuna na hagu na nuna musu guda huɗu. Thorn in the flesh mutumin da ya zame maka ƙarfen ƙafa. Press the flesh kuma yawon gaisawa da ƴan siyasa suke yi lokacin kamfen, hannu kawai ake matsawa a wuce. Akwai flesh out, wato ka ɗauko magana ƙashi zalla ka sa mata tsoka, irin abin da malamin jami'a yake rubuta wa ɗalibi a gefen furojet.

Da aka zo kan the flesh is weak malam bai yi bayanin da kansa ba, ya ce wa wani abokin karatunmu Kirista ɗan kudancin Kaduna mai gyaran janareta ya faɗa mana yadda suke ji a coci. Yace daga Linjila take, Matiyu sura 26, kuma su da Hausa jiki suke cewa, ruhu yana so amma jiki ba ƙarfi, kuma in fasto ya ce flesh yawanci sha'awa da son zuciya yake nufi. Malam yace to in kun ji sins of the flesh ku san ba zancen cin nama ake ba. Na ji daɗin yadda ya ba shi fili, babu wanda ya yi wani gunaguni.

Shi kuma tela maƙocina flesh-coloured ce ta dame shi don yana ganinta a jikin kwalin zare da shafi, kullum kuma kalar wani fari-fari ne mai ɗan ja. Yace Malam jikin wa? Malam yace jikin waɗanda suka raɗa sunan, kuma su ma sun gane, kamfanin Crayola mai yin kalar yara a Amurka ya canza wa tasa suna daga flesh zuwa peach tun 1962.

Yanzu aibi, don ba zan yi muku tallan da babu gaskiya ba. Na ɗaya bencin ƴan firamare ne, ni da nake da jiki gwiwata a ƙirji take kwana, in an tashi sai na dafa bango. Wuta babu, fitila mai caji guda biyu ce, ɗaya tana fara lumshewa tun tara da kwata, wanda ya zauna a baya allo sai dai ya yi imani da gaibu. Sauro kuwa kamar su ma sun biya kuɗin fom. Ranar Alhamis malam yakan makara, wani lokacin minti ashirin, kuma ba a rama mana. Aikin gida in ka ba shi sai ya yi sati biyu a jakarsa. Yana turo bayani ta WhatsApp da murya, abin kirki ne, amma minti goma sha ɗaya, sha huɗu, ga kukan yara a bayansa, data ta tafi.

Babban aibin kuma shi ne dai abin da na yaba, wato dare uku a kan kalma ɗaya. Ni ya yi min, amma akwai wani yaro da ya shigo saboda intabiyu ɗin aikin gadi a wani kamfani saura masa sati uku, yana so a koya masa yadda zai gabatar da kansa, aka zaunar da shi yana jin labarin Normawa. Bai dawo ba bayan wata ɗaya kuma ban ga laifinsa ba. Malamin in tarihi ya ɗebe shi mantawa yake da agogo. Sannan furuci, wanda shi ne ciwonmu na gaske, minti goma kacal ya ba shi a ƙarshen dare na uku, alhali mu a bakinmu flesh da flash da flush da fresh duk abu ɗaya suke fitowa, ga filashin na waya ga filas na shayi ga fileks ɗin da ya jawo min magana. Ya sa mun maimaita sau biyar-biyar yace kar mu cusa wasali tsakanin f da l, aka tashi. Har yau in na yi sauri fileshi nake cewa.

Wani abin kuma, kalmomin sana'a ba shi da su sosai. Akwai otal ɗin da nake kai wa nama, takardar odarsu cike take da fillet da brisket da sirloin, na kawo masa yace gaskiya shi a faranti ya san nama, zai bincika. Ya dai san tozo hump ne, tumbi tripe, ƙoda kidney. Sauran kukun otal ɗin ne ya nuna min da yatsa a jikin cinya da ƙirji, ashe duk wuraren da na sani ne tun ina yaro, suna ne kawai ya bambanta. Shi kukun ɗan Indiya ne, kuma a wurinsa na gano su in sun ce mutton yawanci akuya suke nufi, bayan na kai masa rago guda ya dawo min da shi. Da na faɗa wa malam sai ya rubuta a littafinsa yace zai koya wa ƴan zango na gaba.

In maki ne ina ba shi bakwai cikin goma. Wanda yake da haƙuri kuma yake so ya daina jin tsoron kalma, ya je, dubu shida ba ta kai kuɗin kilo ɗaya na nama ba a yanzu. Wanda yake da jarabawa ko intabiyu a gabansa ya nemi wani wurin tukuna. Ka tafi da tocilan ɗinka da maganin sauro na shafawa, ka je da wuri ka kama bencin gaba ta hannun dama, nan ne fitilar da ba ta mutuwa take. Mata akwai su kuma ana mutunta su, ana tashi kafin goma.

Ni na biya na wasu wata ukun. Sabon fileks ma na buga, wannan karon sai da na kai wa malam takardar ya duba, FRESH BEEF AND GOAT MEAT, ya ce in cire hoton wuƙar in sa na saniya. Nas ɗin nan ta zo Juma'ar da ta wuce ta karanta ta ce yanzu ka yi magana, ta sayi hanta rabin kilo, sai da na ɗora sau biyu kafin sikeli ya tsaya.